Nonon Rabi'a Ba Ya Cikin Fayil

Alima ba ta lissafa shekarunta na Ingila da kalanda, da ma'aikatu take lissafawa. In ka tambaye ta yaushe 'yarta Safiyatu ta yi aure a Kumasi, sai ta ce, "Shekarar Ruwa ce." Yaushe gwiwarta ta fara ciwo? "Muna tsakiyar Lafiya ke nan, kafin a koma Ayyuka." Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta, alhali hankalinta garau yake. Ma'aikatun da take faɗa na Minista Kazim ne, wani Balarabe ɗan Shi'a da ya shekara ashirin da biyar yana minista a ƙasar kakanninsa, can bakin teku. Ita kuwa waɗannan shekarun cif ta yi su ne a bene na huɗu na wani gini a Salford kusa da Manchester, tana jinyar ƙanensa Mahdi.

A ƙasar tasu ana raba kujerun mulki tsakanin addinai da mazhabobi kamar naman watanda, kuma duk yadda aka yanka sai ka tarar da Kazim a cikin kason 'yan Shi'a. Gwamnati tara ta faɗi a gabansa, ko tuntuɓe bai yi ba. Ya riƙe Gidan Waya, ya riƙe Ruwa, ya riƙe Lafiya har sau biyu, ya riƙe Ayyuka. Waɗanda suka fara siyasa tare, wasu sun mutu, wasu suna gudun hijira, wasu sun koma dillancin motoci. Shi yana nan daram da kyakkyawar furfurarsa. Jaridun ƙasarsu ginshiƙi suke kiransa. Alima dai "Yaya" take ce masa, kuma tana da dalilinta.

Mahaifinsu, Alhaji Rida, mai kantin atamfa ne a Kumasi tun zamanin Turawa. Matarsa Allah bai ba ta ruwan nono ba. Da aka haifi Kazim, jariri ya kusa mutuwa da kuka, sai aka nemo Rabi'a, wata 'yar Zango, unguwar Hausawa, mai tuyar ƙosai a bakin kantin, wadda ke goyon ɗanta Jibrilu. Shekara biyu Kazim ya yi a ƙirjinta. Bayan shekara shida aka haifi Mahdi, a watan da Rabi'a ta haifi Alima, aka sake miƙa mata. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kowane Musulmi ya san abin da hakan ke nufi: wanda kuka sha nono ɗaya da shi ɗan'uwanka ne, babu aure tsakaninku, babu lulluɓi. 'Ya'yan Alhaji Rida a Zango suka yi rarrafe, da Hausa suka fara magana, kuma har ranar da suka tattara suka koma ƙasarsu "Inna" suke ce wa Rabi'a.

Shekaru suka wuce, yaƙi ya ɓarke a ƙasar tasu, Kazim ya fara tashe a jam'iyya. Wata safiya Mahdi ya ari motarsa zai je sayen burodi, bam ɗin da aka ɗana wa mai motar ya tashi da shi. Bai mutu ba. Rabin jikinsa ya shanye, wani guntun ƙarfe ya zauna masa a ka. Larabcinsa ya tafi, Turancinsa ya tafi, abin da ya rage a bakinsa Hausar Zango ce kawai, ita ma a karye. Matar da ya aura ta daure shekara guda ta nemi takardarta.

Kazim da kansa ya hau jirgi ya zo Zango. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya zauna a tabarma gaban Rabi'a, ya yi kuka har da majina.

"Inna," ya ce, "likitocin Manchester sun ce a kawo shi. Amma babu macen da za ta zauna gida ɗaya da shi, ta taɓa jikinsa, sai muharramarsa. Kuma ba ya jin maganar kowa sai taku. Ki ba ni ƙanwata Alima. Wata uku kawai."

A lokacin Alima na da shekara talatin da biyar, mijinta ya rasu, tana riƙe da Safiyatu 'yar shekara tara. Rabi'a ba ta ma dube ta ba ta ce, "Tashi ki bi ɗan'uwanki." Da aka zo neman biza aka rubuta mata 'yar aikin gida. Kazim ya ce wannan tsarin Turawa ne, ta haka aka fi saurin samu, kada ta sa shi a ranta. Ba ta sa ba. Kafin wata ukun ya cika aka naɗa shi ministan Gidan Waya, daga nan ba a sake jin zancen wata uku ba.

To, ga aikin da ta yi shekara ashirin da biyar tana yi. Ta tashe shi, ta juya shi, ta yi masa wanka, ta gyara masa gemu, ta dama masa koko da gero da take sayowa a shagon wani ɗan Ghana, ta ba shi cokali cokali. In ya ce "wa" ta san ruwa yake so, in ya ce "wa" da ɗan ja ta san ƙafarsa ce ta yi sanyi. Likitoci uku sun yi ritaya a kansa ba su gane bambancin ba.

Sai salla. Alima 'yar Tijjaniyya ce tun daga kakanni, ba ta taɓa yin sujada a kan komai ba sai darduma. Amma Mahdi ɗan Shi'a ne, su kuma suna ɗora goshi a kan wani ɗan faifan busasshen yumɓu da suke kira turba. Nasa daga Karbala aka kawo shi, bai fi tafin hannun jariri ba. Tun da ba ya iya sunkuyawa, ita ce ke tsayawa gefen kujerarsa, in ya zo sujada ta ɗaga turbar ta manna masa a goshi, ta jira leɓensa ya daina motsi, ta sauke. Wasu matan Kano da suke haɗuwa a masallacin Juma'a sun taɓa cewa da ita wannan ba ya halatta gare ta. Ta ce, "Goshinsa ne, ba nawa ba." Tsakiyar faifan ya yi baƙi saboda goshinsa, gefensa ya yi santsi saboda yatsunta.

Shi kuwa Minista sau huɗu ya zo a duk tsawon shekarun nan, kuma duk zuwan wata biyu ne kafin zaɓe. Ba ya zuwa shi kaɗai, da mai hoto yake zuwa. A ɗaura wa Mahdi koren ƙyalle a wuya, Kazim ya durƙusa ya sumbaci hannunsa, fitila ta haska. A can gida kowa ya san Kazim a matsayin yayan shahidi mai rai, mutumin da gidansu ya ba da jini. Da hoton nan ya ci zaɓe huɗu. Tun da kan Mahdi langwaɓewa yake yi, sai a sa Alima ta tsuguna bayan kujera ta tallafe masa ƙeya, a ce ta sunkuya kada ta fito. A fostar shekarar Lafiya, in ka duba da kyau, za ka ga yatsu huɗu baƙaƙe a bayan kunnensa. Wannan ne kaɗai rabonta a tarihin siyasar Minista Kazim, kuma abin takaici, ta manna fostar a bangon falo tana alfahari da ita.

Rabi'a ta rasu a farkon shekarun Ruwa, Alima ba ta je ba, babu wanda za ta bar wa Mahdi. Auren Safiyatu ta waya ta ji guɗarsa. Jikokinta uku sun san ta ne a matsayin murya.

Duk da haka tana iyawa, domin a da akwai masu kama mata. Akwai wata cibiya da mota ke zuwa ta ɗauki Mahdi kwana uku a mako, a motsa masa gaɓoɓi, ita kuma ta samu ta miƙe baya. Akwai mai taimako da ke zuwa kowace safiya ta yi minti arba'in da biyar. Sai aka yi sabuwar gwamnati a Landan, aka ce baitulmali ya yi ƙasa, kowa ya tsuke bakin aljihu. Aljihun da aka fara tsukewa na guragu da tsofaffi ne, kamar su ne suka cinye. Aka rufe cibiyar, aka kafa allon tallar sababbin gidaje a gabanta. Minti arba'in da biyar ya koma sha biyar. Na'urar da ke ɗaga shi daga gado ta lalace, aka ce sunansu yana layi.

Ƙaramar hukuma ta turo wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Clara, doguwar mace mai gajiyayyun idanu, ta zo ta duba halin da suke ciki. Clara ba muguwa ba ce. Ta zauna ta sha shayi, ta dubi yadda Alima ke dafa bango kafin ta miƙe, ta tambaye ta da Turanci ko tana iya ɗawainiyar.

"Fine, thank God," in ji Alima.

Clara ta ajiye biro. Ta sake tambaya a hankali, ta ce ta faɗa mata ranar da ta fi kowace muni, domin abin da ta faɗa shi za a rubuta, abin da aka rubuta kuma shi za a duba. Har ido ta ƙifta mata. Amma ta yaya 'yar Rabi'a za ta buɗe baki gaban baƙuwa ta ce ɗan'uwanta ya yi mata nauyi, shi kuma yana zaune yana ji? Amana ce uwarta ta ɗora mata. Ta yi murmushi ta ce, "No problem at all. Alhamdulillahi." Clara ta numfasa ta rubuta. Da wannan alhamdulillahin aka mayar da sunansu ƙarshen layi.

Wata safiya cikin watan Fabrairu tana ɗaga shi daga kujerar wanka, bayanta ya ƙi. Suka zube tare. Ƙugunsa ya karye, ita kuma ta kwanta a ƙarƙashinsa a kan jiƙaƙƙen daɓe fiye da sa'a guda, tana rarrashinsa da Hausa, har mai minti sha biyar ta zo ta buɗe ƙofa.

Bayan mako uku a asibiti aka kira taro. Clara ta yi mata bayani dalla-dalla. Mahdi ba zai iya yanke wa kansa shawara ba, kuma wanda kotu ta ba wa takardar yanke masa shi ne yayansa, Kazim. An rubuta wa ofishinsa, sun amsa a rana guda: a kai shi wani gidan kula da marasa ƙarfi a Birmingham, inda wani ɗan ƙasarsu ke da hannu. Ranar Juma'a ta sama za a ɗauke shi.

"Ni fa?" in ji Alima. "I am his sister."

Clara ta buɗe fayil ta juya shi ta nuna mata. 'Yar aikin gida, haka aka rubuta tun ranar da ta sauka. Alima ta yi ta bayani, da Turancinta da hannayenta, har ta dafa ƙirjinta. Clara ta saurara, ta ce ta yarda da ita, amma babu gurbin nono a cikin fom. Ta ce abu ɗaya ne zai yi aiki. In Kazim ya sa hannu a wasiƙa cewa Alima 'yar'uwa ce, kuma yana so ƙanensa ya zauna a hannunta, to ita Clara za ta yi faɗan samo musu gida a hawan ƙasa da sabuwar na'ura. Ta buga wasiƙar da kanta, layi biyar, ta ba ta.

Kwana huɗu Alima na kiran waya. Minista yana majalisa, Minista yana jana'iza, Minista yana hutawa. Ana nan sai ƙawarta Kulsum ta kira. Kulsum 'yar Zangon Kumasi ce ita ma, tana zaune a Ladywood cikin Birmingham, tana aikin kula da tsofaffi.

"Yaya Alima, mutuminki fa yana zuwa nan Sunday. Na ga poster a shagon Larabawa, mutanensu za su yi masa walima, twenty-five years in government. Ki hau coach ki zo."

Ranar Lahadi da hantsi ta ɗaura atamfarta mafi kyau, ta sa wasiƙar a jaka. Walimar a wani babban zaure aka yi ta, da rana tsaka, tebura cike da shinkafa da rago. Masu gadi suka ga baƙar tsohuwa suka ɗauka cikin masu wanke-wanke take, suka nuna mata ƙofar baya, ita kuma ba ta musa ba, tun da ƙofa ce. Ta tsaya jikin bango. A kan babban allo ga Mahdi, da koren ƙyalle a wuya, ga yatsunta huɗu a bayan kunnensa.

Kazim ya yi jawabi da Larabci, yana juyawa Turanci saboda yaran da aka haifa a nan. Ya yi magana a kan zalunci da haƙuri, da waɗanda aka hana ruwa, da haƙƙin raunana. Ya iya magana, wannan ba mai ƙwace masa. Mata suna share hawaye. Da ya zo kan ƙanensa muryarsa ta karye daidai inda ta saba karyewa. Sai idonsa ya faɗa kan Alima. Bai ko girgiza ba, ɗan siyasar shekara ashirin da biyar ne. Ya miƙa hannu ya nuna ta, ya ce jama'a su dubi wannan baiwar Allah 'yar Afirka, amintacciyar hadimar gidansu, wadda ta yi wa shahidi mai rai hidima. Zaure ya ɗauki tafi. Alima ta tsaya ana tafa mata, kunnuwanta suna zafi kamar an mare ta.

Ta tare shi a wani lungu kusa da wurin alwala. Ya sallami masu tsaronsa da ido, ya buɗe hannu, sai ga Hausar Zango tsantsa ta fito daga bakinsa.

"Alima ƙanwata! Kin tsufa fa. Ya ƙarfin jikin mutumin?"

"Yanzu na zama ƙanwa? A ciki hadima ce."

"Haba, maganar taro ce. Kin san mutanenmu."

Ta miƙa masa wasiƙar. "Layi biyar ne, Yaya. Ka sa hannu. In ba haka ba Friday za su ɗauke shi su kai shi care home."

Ya sa tabarau ya karanta har sau biyu. Ya ce gidan nan mai kyau ne, shi ya zaɓa da kansa, akwai lambu, akwai nas dare da rana. Ya ce ita ma ta huta haka, ta koma ta ga jikokinta.

"Wa zai ji maganarsa a can? Wa zai ɗaga masa turba?"

"Za a samu."

"Shekara ashirin da biyar ba a samu ba sai ni."

Sai ya rage murya, ya zo kan gaskiyar zancen. Zaɓe saura wata biyu. In ya rubuta da hannunsa cewa ita 'yar'uwarsa ce, alhali shi ne ya sa hannu a takardar da ta shigo da ita a matsayin 'yar aiki, takardar nan ba za ta kwana biyu ba ta isa hannun abokan hamayya. Za a ce ya yi wa gwamnatin Ingila ƙarya, za a ce ya bautar da 'yar'uwarsa.

"To ƙarya za su yi?" in ji Alima.

Fuskarsa ta canja. Ya ninke wasiƙar gida biyu, ya yi magana da muryar da yake amsa tambayoyin majalisa. "Kuma in don ta shari'a ne, Alima, a mazhabarmu shayarwa tana da sharuɗɗa. Sai an tabbatar an sha sau goma sha biyar a jere, babu wani abu a tsakani. Ni jariri ne a lokacin. Wa ya ƙirga?"

Wa ya ƙirga! Mutumin da ya yi shekara biyu a ƙirjin Rabi'a, wanda ya cije ta da haƙoransa na fari har ta mutu da tabon. Malamansu sun kafa wannan sharaɗi ne don a san wanda aure ya haramta da shi, ba don ƙaton minista ya samu ƙofar tsere wa 'yar'uwarsa ba, kuma ya fi kowa sanin haka. Alima ta dube shi ido cikin ido.

"Inna ba ta ƙirga ba," ta ce, "don ba ta san za ka girma ka tambaya ba. Ranar da ka zauna a tabarmarta kana kuka, sau nawa ka ce ka sha? Ka dubi naman jikinka, Kazim. Ka dubi ƙashin da kake tsaye a kai. Na mai ƙosai ne."

Shi ne karo na farko a rayuwarta da ta kira sunansa babu Yaya. Ya mayar mata da wasiƙar babu sa hannu, ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya koma ciki domin an fara kiransa yanka kek.

Ranar Juma'a aka ɗauki Mahdi. Gidan Salford na iyalin Kazim ne, lauyansu ya turo takarda cikin ladabi cewa za a sayar. Alima ta cire fostar daga bango, ta yage inda yatsunta suke ta sa a jaka, ta cusa sauran a kwandon shara. Safiyatu ta yi ta kira tana kuka, ta dawo gida haka nan, ɗaki yana nan an share. Alima ta ce tana tafe, amma ba yanzu ba. Ta koma Ladywood, ɗakin baƙi na Kulsum.

Lokacin ziyara a gidan kulawar ƙarfe biyu zuwa huɗu ne, kwana uku a mako ga wanda ba dangi ba. Ranar farko ta tarar da shi an juya shi yana kallon talabijin, an aske masa gemu tas, leɓensa ya bushe ya tsage. A allon da ke kan gadonsa an rubuta cewa ba ya magana. Ya gan ta ya ce, "Wa." Ta ba shi ruwa ya shanye kofi biyu. Turbar kuwa sai da ta birkice ɗakin ta same ta a kan taga, an ɗora tukunyar fure a kanta don kada ruwa ya ɓata fenti. Ba da mugunta aka yi ba. Yarinyar da ta yi hakan mutum goma sha huɗu take dubawa ita kaɗai, ba ta ma san mene ne ba. Sallar Asuba da Magariba da Lisha duk ba sa cikin ƙarfe biyu zuwa huɗu. A mako uku ya rame har zoben hannunsa ya faɗi.

Kulsum ce ta kawo shawara, suna cin tuwo da rana. "Gidan nan kullum suna short of staff. Kowa ya yi wata biyu ya gudu. Ki yi apply. In kina shift, babu mai ce miki visiting hours."

"Ina da shekara sittin, Kulsum."

"Ba sa duba shekaru, suna duba wanda zai yarda ne."

Manajar gidan ta ji daɗin ganinta. Ta duba fayil ɗin Mahdi ta ce ai ga shi nan, tsohuwar ma'aikaciyar gidansu ce, ƙwarewar shekara ashirin da biyar, irinta suke nema. Ta ba ta fom ta ce ta je ta cike. A teburin girkin Kulsum suka baje shi. Suna, adireshi, lambar waya, duk suka wuce. A shafi na uku Kulsum ta ɗora yatsa ta tsaya.

"Karanta mini," in ji Alima.

"Suna tambaya ko kina da dangantaka da wani resident. Yes ko no." Kulsum ta ɗago. "Yaya Alima, in kika sa yes, ba za su taɓa sa ki a floor ɗinsa ba. Policy ne, dangi ba ya kula da dangi."

Alima ta daɗe tana kallon ƙananan akwatunan nan biyu. Wata guda ta yi tana yawo daga Salford zuwa Birmingham tana roƙon a rubuta kalma ɗaya, an hana ta. Yanzu ga biro a hannunta, ga wurin rubutawa, babu minista, babu lauya, babu mai hana ta faɗin gaskiya. Ta tuna Rabi'a zaune bakin kasko, zani ya sauka, jariri a dama, jariri a hagu. Ta tuna tsagaggen leɓen Mahdi. Ta sa alama a kan "no", ta danna har biron ya huda takardar. Ta tashi ta shiga bayi ta kulle, Kulsum tana jin ruwan famfo yana zuba ya daɗe.

Yanzu tana aiki kwana biyar a mako, cikin shuɗiyar riga mai ɗauke da sunanta a ƙirji. Mutum goma sha huɗu ne a hawanta, kowa minti sha biyar, akwai wata 'yar na'ura a aljihunta da ke ƙara in lokaci ya cika. Ta tsara zagayenta yadda za ta isa ɗaki na tara daidai Azahar. Minti shida na gyara shi, uku na ruwa da magani, sauran ta tsaya gefen kujera ta ɗaga masa turbar, wadda har yanzu da zoben tukunyar fure a jikinta. Tun da a mazhabarsu ana haɗa Azahar da La'asar, sai ya yi su tare, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ƙarar ba. An yi mata gargaɗi sau biyu. Gaban mutane "Mister Mahdi" take ce masa. Shi bai san da wata doka ba, da ta shigo sai ya ce, "'Yar Inna," ta waiga ta ga ko akwai mai ji kafin ta amsa.

A watan da ta fara aikin aka yi zaɓe a ƙasar su Kazim. Gwamnati ta goma ta hau, aka ba shi ma'aikatar Iyali da Jin Daɗin Jama'a. Kulsum ta gani a waya ta nuna mata, ta ce, "To, kin shiga shekarar Iyali ke nan." Alima ta ture wayar ta ci gaba da goge takalmin aikinta.

Ta daina lissafi da ma'aikatu. In ka tambaye ta yaushe ta dawo Birmingham, sai ta gyara bajon sunanta, ta ce, "Shekarar da na ƙaryata uwata."